Mis Verlene, Kukun da Ta Ɗaga 'Yan Matanmu

Kullum ranar makaranta, kafin in ɗauki ɗalibin farko a motar makaranta, Mis Verlene Caudill ta riga ta kunna tanda. Shekararta ashirin da tara ke nan tana haka. Ita ce shugabar kicin a sakandarenmu da ke tsakanin duwatsun gabashin jihar Kentucky a Amurka. Da safe ƙwai da burodi, da rana wake da burodin masara, baki ɗari biyu da 'yan kai. Ƙarfe biyu ta kife tukunyar ƙarshe. Wata ce da sai ta ɗauki jakarta ta nufi gida. Ita kuwa sai ta cire hular kicin, ta tura teburan ɗakin cin abinci jikin bango, ta jawo katifun wasa daga bayan firji ta shimfiɗa. Ƙarfe uku da rabi 'yan zuga su shigo.

Kowa ya san su a gefen fili ranar ƙwallon kwando, suna ɗaga murya, suna alkafura, suna cira 'yar uwarsu sama a kan tafin hannu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ba wanda ya taɓa ɗaukar Mis Verlene aikin koyar da su. Shekara goma sha bakwai da suka wuce aka yi wa malamar da ke kula da su canjin wurin aiki, yaran suka zauna a ɗakin cin abinci suna kuka. Ta leƙo ta tagar rabon abinci ta ce, "Kai, ku tashi, kuna jiƙa mini tebur. Me ake buƙata?" Ta nemo littafin dokokin wasan ta ajiye kusa da littafin girkinta, tana juya miya tana karantawa. Haka ta koya.

Gasar ƙasa a Florida ake yin ta, watan Fabrairu, kuma ba a zuwa don an ga dama. Sai makaranta ta je gasar shiyya ta kai makin da alƙalai suka gindaya, sannan a ba ta gurbi. To, shiyya ba ɗaya take ba. 'Yan matan birni tun suna shekara huɗu ake kai su ɗakin koyon alkafura, ƙasan ma mai lotsawa ne kamar gado. Na wajen jihar Tennessee rawa ce tasu, jiki kamar ba ƙashi. Namu kuwa murya gare su da kafaɗa. Yarinyar da ta tashi tana loda damin ciyawa a mota, ɗaga ƙawarta ba wani abu ba ne wurinta. Duk da haka sau tara Mis Verlene ta kai su gasar shiyya, sau tara ina juyo da su ba su samu gurbi ba.

Bana kuma abin ya zo da wa'adi. A watan Yuni za a rufe makarantarmu a haɗe ta da ta gundumar da ke gaba, Mis Verlene ma a watan za ta yi ritaya. In ba su shiga bana ba, sunan makarantar nan ba zai taɓa fita a lasifikar Florida ba har abada.

A watan Oktoba suka je gasar shiyya ta farko, suka gaza da maki biyu. A takardar alƙalai akwai layi guda da ta gaji da gani shekara da shekaru: hannayen masu ɗauka ba su miƙe ba. Ba abin da ba ta yi ba a kan wannan. Ta yi tsawa, ta yi lallashi, ta sa su ɗaga buhunan gari. A ƙasa hannu ya miƙe sar. Da an cira yarinya sama, sai gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe. Har ta fara cewa a ranta ko ita ce ba ta iya koyarwa ba.

Ana saura kwana biyu masu duba tsafta su zo, ta hau tsani da soso tana wanke silin. Can tsakiyar ɗaki, daidai inda ake ɗaga yara, ta ga wani abu na ƙyalli. Ta matsa. Ƙyalƙyalin ribom ɗin kan yaran ne ya manne a jikin silin, kusa da shi ga shatin yatsu, tsofaffi da sababbi. Ta daɗe a kan tsanin, ruwan soso na gangarowa cikin hannun rigarta.

Da yamma ta kira Tamra Jo Hensley, babbar cikin masu ɗauka, 'yar ajin ƙarshe.

"Tamra Jo, zo ki karanta mini wancan."

Yarinyar ta ɗaga kai, ta sunkuyar.

"Tun yaushe?"

"Mis Verlene, ai kowa ya sani."

"Ni ba kowa ba ce? Tun yaushe na ce."

"Tun da yayata ta fasa ƙwan lantarki da ka. Kin tuna, har aka yi mata ɗinki."

"Na tuna. Ni na danne mata wurin da tawul. Ai na sa an matsar da fitilar."

"An matsar da fitila, ba a matsar da silin ba. Manyan suka ce mu riƙa ragewa kaɗan, kada mu gaya miki, don kada shugaban makaranta ya hana wasan gabaki ɗaya. Duk sabuwar da ta shigo, mu ma haka muke koya mata."

Shekara bakwai yaran na koya wa juna lanƙwasa hannu a ɓoye, ita tana gefe tana yi musu ihun su miƙe. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin tebur ta ce, "Laifina ne. Na karanta littafin nan tas, ban taɓa ɗaga kaina ba. Daga yau mun bar ɗakin nan."

Washegari ta tari mai horar da 'yan ƙwallon kwando a layin abinci, tunda babban zauren wasa a hannunsa yake. Ya ce lokacin gasarsu ne, yaransa na ciki daga tashi makaranta har magariba, amma in ta jira watan Maris sai ya duba mata. Gasar shiyya ta ƙarshe kuwa farkon Disamba ce, mako shida ya rage. Ta zuba masa wake ludayi ɗaya maimakon biyun da ya saba, ta ce, "Na gaba."

Ran Asabar ta sa na kai ta gonar tsoho Dewey Napier. Yana da rumfar shanya taba, doguwa kamar coci, ya kai shekara goma bai rataya ko ganye a ciki ba. Muka tarar da shi a baranda.

"Verlene! Wa ya mutu?"

"Ba kowa tukuna. Rumfarka nake so."

"Ki yi me da ita? Tarakta ce a ciki da tattabaru."

"Taraktar da rabonta da tashi tun kana da haƙora? Estill zai ja ta waje."

Estill ni ne, kuma ba wanda ya tambaye ni.

"Sanyi zai kashe 'ya'yan mutane," in ji Dewey. "Iska ta ko'ina take shiga, don haka aka gina ta."

"Wanda ke tsalle ba ya jin sanyi. Kai dai cire mini sandunan rataya taba na ƙasa-ƙasa."

"In wata ta faɗo fa?"

"A hannun mutum uku za ta faɗo, a kan katifa, ina tsaye. Dewey, 'ya'yanka huɗu na ciyar, ƙaramin sau biyu yake shiga layi yana canza hula, na yi kamar ban gane shi ba. Za ka ba ni ko sai na faɗa a coci?"

Ya yi dariya har ya sarƙe, ya tashi neman guduma.

Daga ranar, ƙarfe uku da rabi in loda yara goma sha huɗu da katifu in kai su gona. Na ɗauka an gama. Ina! Rufin ya yi nisa, ko tsani biyu aka haɗa ba a taɓo shi, amma da aka cira Shaylee Begley, 'yar ƙaramar da ake ɗagawa a tsakiya, hannaye suka lanƙwashe yadda suka saba. Silin ɗin ya biyo su a jiki.

Mis Verlene ta zo da ƙararrawar shanu ta sa aka ɗaura a gungumen sama, ta auna da igiya daidai inda yatsun Shaylee za su kai in an miƙe hannu gaba ɗaya. Cikin mako biyu kowane rukuni ya kaɗa ta, ban da na Tamra Jo. Ita ce mafi ƙarfi, ita ce kuma ginshiƙin tsakiya, in nata bai miƙe ba duk jeren karkacewa yake. Rannan ta sauke Shaylee ta ce a cire ta a sa wata.

"Wa zan sa? Dewey?"

"Ko ni ɗin," in ji shi daga bakin ƙofa, "in za a ba ni siket."

Yaran suka fashe da dariya, Tamra Jo ba ta yi ba. Mis Verlene ta je ta tsaya gabanta, ta riƙe mata haɓa.

"In kin ɗaga ta, ina kike kallo?"

"Takalminta."

"Ƙarya. Na gan ki, rufe ido kike. Me kike gani in kin rufe?"

"Jini a rigar yayata."

"To buɗe. Duba sama yanzu, me ke can?"

"Tattabaru."

"Su kaɗai?"

"Su kaɗai."

"To miƙa musu Shaylee. Ita ma ta gaji da zama ƙasa."

"Wallahi na gaji," in ji Shaylee. "Ko kakata ta fi haka ɗaga ni."

Ba ranar aka yi ba, kada in yi muku ƙarya. Sai da aka ƙara kwana tara, yatsu na daskarewa, tururi na fita daga baki, Mis Verlene na zagayawa da tulun shayin cakulan mai zafi tana ƙirga musu ɗaya zuwa takwas. Wata Alhamis ina cikin mota na ji ƙararrawar ta kaɗa, sai ihu. Na leƙo na ga Tamra Jo ido buɗe, hannu kamar sanda, tana cewa, "A sake! Kada kowa ya yi mini magana, a sake!"

Akwai wani abu da ta yi wanda iyaye suka yi gunaguni a kai. Ta zare alkafura masu wuya guda biyu daga shirin, irin waɗanda ake tafa wa. Ta ce da su, "Ba za mu ci 'yan birni a wasan da suka fara tun suna shan mama ba. Alƙali ba ya ba da maki don an yi ƙoƙari. Abin da muka iya za mu kai, a tsabtace." Ta cike gurbin da ɗagawa da murya.

Ran gasa, a wani makeken zaure a birni, makarantu ashirin da shida. Wata daga cikin 'yan birnin ta shinshina rigar sanyin Shaylee ta ce, "Ku taba kuke sha ne?" Shaylee ta ce, "A'a, a cikinta muke zama." Da aka kira su, minti biyu da rabi ne duka. Muryarsu ta sa mutanen da ba su san sunan garinmu ba suka riƙa amsawa. Yarinya ɗaya ta yi tuntuɓe a alkafura, na ce shi ke nan. Sai aka zo jeren ƙarshe, yara uku a sama, ta tsakiya ta fi kowa, ba abin da ya motsa.

Ba su zo na ɗaya ba, na shida suka zo. Amma sun haye makin da rabin maki, aka kira sunan makarantarmu cikin masu gurbi. Yaran suka zube a ƙasa suna kuka. Mis Verlene ta ratsa su ta je ta karɓi takardar alƙalai, ta sa tabarau, ta bi da yatsa. Layin nan babu shi. Ta ninke ta sa a jaka ta ce, "Sun ce ƙafafunku ba sa sauka tare. Litinin, uku da rabi. Estill, tada mota."

Mis Verlene, ke ce kika hau tsani da soso kika gano abin da ya fi ƙarfin masu digiri. Ke ce kika ce laifina ne a gaban yara, alhali ba wanda ya tuhume ki. Na yi shekara talatin ina tuƙa motar kwal kafin ta makaranta, na ga manyan da ramin haƙar kwal ya rufta a ƙarƙashin kulawarsu, ban ji ɗaya ya faɗi haka ba. Uwar masu yunwa, mun gode. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sa ki huta in kin iya.

Ku kuma jama'a, wata mai zuwa za su tafi Florida, kowa zai fito bakin titi yana ɗaga hannu. Wannan mai sauƙi ne. Ran Talata hukumar sabuwar makaranta za ta zauna ta raba lokutan zauren wasa na baɗi. Mis Verlene ta sa sunanta cikin masu magana, don yaran da ba ita za ta koyar ba, a makarantar da ba za ta taɓa yi wa girki ba. Ta ce ko ita kaɗai ce za ta je. Kada mu bari ta je ita kaɗai.