Malam Kombo, Mutumin da Ya Ƙi Tausaya Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, sha biyar ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Kombo Faki Shee, mai koyar da nutso a garin Shimoni na bakin teku, bayan jinya ta 'yan makonni. An yi masa sutura bayan la'asar. Ranar iskar kusi, wato iskar kudu mai tayar da teku duk shekara, na kaɗawa, teku ya ɓaci, amma mutanen tsibirin Wasini sai da suka tsallako a jiragensu don su sallace shi. Ni Mbaruku, ɗalibinsa, abokai ne suka ɗaga kekena na guragu a kan yashi har bakin kabari.

Malam, tun bayan haɗarin babur ɗin da ya kashe mini jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, kai ne mutum na farko da ya dube ni bai langaɓar da kai ya ce sannu ba. Shi ya sa rashinka ya dake ni fiye da yadda zan iya faɗa.

Kafin in zo wurinka na zaga wuraren koyar da nutso tun daga Diani har Watamu. Babu wanda ya kore ni, da ma korar suka yi da ya fi mini. Kowa sai ya tarbe ni da fara'a, a sa mini kaya, a goya mini tukunyar iska, a saka ni a ruwa, sannan wani ƙato ya kama kan tukunyar ta bayana yana yawo da ni a ƙasan teku kamar mai riƙe da jakar cefane. A nuna mini kifi, a ɗauke ni hoto, a fito a tafa mini. In na ce a koya mini abin da zan yi idan iska ta ƙare, sai a ce kada in damu, akwai masu kula da ni. Daga ƙarshe aka ba ni takardar shaida mai sharaɗi: ba zan shiga ruwa ba sai da mutum biyu masu tsarona, tun da ni ba na iya ceton kowa. Masu nutso bibbiyu suke shiga, kowa ran ɗan'uwansa na hannunsa. Ni kuwa an rubuta ni a matsayin kaya. Masu aikin dashen murjani na Wasini, waɗanda nake burin shiga cikinsu, ba sa ɗaukar mai irin takardata.

Ranar da na kawo maka ita, kana rumfarka ta bakin gadar jirage kana shan shayi da mahamri, fanken mutanen nan. Ka juya ta gaba da baya, ka miƙo mini abata.

"Wa ya cuce ka haka?"

"Malam, ai taimakona suka yi."

"Taimakon banza. Teku bai san gurgu ba, ɗana. Yadda yake cin mai ƙafa haka zai ci ka. In yawon buɗe ido ka zo, ga hanya nan. In koyo ka zo, gobe in ruwa ya cika ka same ni, kuma kada ka zo mini da mai hoto."

Na zo, na kuma gane kurena. Ka sa na haɗa kayana da hannuna, ka kwance, na sake haɗawa, ka sake kwancewa. A ƙasan ruwa sai ka lallaɓo ta baya ka fizge mini gilashin fuska, ko ka rufe mini iska ba sanarwa, ka koma gefe ka naɗe hannu kana kallon abin da zan yi. Na sha ruwan gishiri har na daina jin ɗanɗanon miya a gida. Ƙafafuna da ba na ji suna ta reto suna jan ƙasa, sai ka haɗe su da madauri, ka yi ta matsar da darmar da ke ƙara mini nauyi daga ƙuguna zuwa ƙirji, kaɗan-kaɗan, ba ka gaji ba, har ranar da na kwanta sambal a tsakiyar ruwa, ban nitse ba ban taso ba. Ka samo mini safar hannu mai fata tsakanin yatsu irin ƙafar agwagwa, ka ce tun da hannuwana sun gaji aikin ƙafa, dole a yi musu takalmi.

Akwai dokar da ka kafa mini ni kaɗai. Duk fitowa, kafin in kurɓi ko ruwa, sai na tuɓe na duba ƙafafuna ciki da waje, domin murjani zai iya yanka ni ban sani ba. Ranar da na yi sakaci ka hana ni shiga teku har ƙarshen mako. Na koma gida ina huci. Da yamma sai ga ka da kanka da ƙullin magani a hannu. Ka tsuguna a gaban kekena, dattijo da kai, ka wanke wani yanka a diddigena wanda ban ma san da shi ba, kana yi mini faɗa tun daga farko har ƙarshe. Mahaifiyata tana bayan labule tana share hawaye.

Komai na ci sai abu ɗaya, shi ne ceto. Mai cikakkiyar shaida dole ya iya ɗauko abokin nutsonsa da ya suma daga ƙasa, ya taso da shi a hankali, ya ja shi har jirgi. Mai ƙafa yakan riƙe mutum da hannu ya yi iyo da ƙafa. Ni kuwa hannuwan da zan riƙe da su, da su zan yi iyon. Wani malamin da nan zai ce iyakarka ke nan. Kai sai ka zauna ka ɗinka ɗan gajeren madauri mai ƙugiya, wanda zan maƙala tukunyar mutum a ƙirjina da shi, in kwanta rigingine in ja. Da za ka zaɓi wanda zai yi kamar ya suma kuwa, ba ka nemi siriri ba. Okoth ka kira, mai gyara maka injin jirgi, wanda in ya taka jirgin sai ya karkata.

"Haba Malam, wannan ai buhun siminti ne!"

"Ranar da za a suma, za a tambaye ka wanda kake so ne?"

Na faɗi, na sake faɗi. Wani lokaci ruwa ya kwashe mu, wani lokaci kafaɗuna su mutu ga jirgi ina gani. A farkon Afrilu, kafin kusi ya rufe teku, muka yi gwajin ƙarshe. Ranar sai na ji Okoth ya yi mini sauƙi. Na ja, na ja, har na kama tsanin jirgi ina haki, farin ciki kamar ya kashe ni. Na ɗaga kai in ga fuskarka, ashe ba ni kake kallo ba.

"Okoth! Tun yaushe sumamme yake kaɗa ƙafa?"

"Malam, kaɗan ne fa. Bawan Allahn nan ya wahala, tausayi ya ba ni."

"Tausayi? Ranar da ɗanka zai suma a hannunsa, wa zai kaɗa masa ƙafar? Ba taimakonsa ka yi ba, sata ka yi masa."

Sannan ka juyo gare ni ka ce, "Ba ka ci ba. Sai bayan kusi." Na ji zafinta har cikin ƙashi. Amma tun da na zauna a keke babu wanda ya girmama ni kamar yadda ka girmama ni da wannan magana, domin da ita ka nuna ka yarda za a iya damƙa mini ran mutum. Ban san ita ce ta ƙarshe da za ka faɗa mini a kan ruwa ba.

Ranar sadakar uku, 'yarka Riziki, wadda ka horar har ta zama mai koyarwa, ta ja ni gefe, idanunta jajir.

"Yaya Mbaruku, a asibiti Baba ya yi ta zancenka. Ya ce saura ƙiris. Yanzu ikon sa hannu a takardar shaida yana wurina. In kana so in gama maka, ba mai cewa komai."

Na san don Allah ta faɗa. Na kuma san masu dashen murjani za su ɗauki sababbin mutane da zarar teku ya kwanta, wanda ya rasa bana sai baɗi. Zuciyata ta raya mini in karɓa, ba zan ɓoye ba.

"Ƙanwata, da yana raye zai sa hannun?"

Ta sunkuyar da kai, ta girgiza shi.

"To bari iska ta kwanta. Ki hau jirgi ki tsaya inda yake tsayawa. Okoth kuma a ɗaure masa ƙafafu."

Okoth yana kusa yana rabon shinkafa, ashe ya ji. Ya ajiye faranti ya ce, "Ni da kaina zan kawo igiyar." Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Malam, har yau ban ci ba. Mai yiwuwa in sake faɗi, bana ta wuce ni. In na faɗi zan koma, in na sake faɗi zan sake komawa, har ranar da zan kai mutum jirgi da ƙarfin hannuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Bi Mwanajuma, da Riziki da ƙannenta, da mutanen Shimoni da Wasini baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri da juriya, Ya albarkaci abin da ka bari. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya Allah, bawanKa Kombo bai taɓa sassauta wa ɗalibi ba, don tsoron kada ya tura shi ga halaka. Kai Ka sassauta masa hisabi. Amin.