Allurar da Ta Raba Ni da Ƙwallo

Ni mutumin Yankara ne a ƙasar Faskari. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da gama sakandare ba, da safe ina gona tare da Baba, da la'asar ina filin ƙwallo. Tsakiya nake bugawa, kuma abokaina Ɗan Uruguay suke ce mini, saboda wani matashin ɗan wasan tsakiya na ƙasar da nake mutuwar so a gidan kallo. Na haddace labarinsa kamar karatu: tun yana yaro babbar ƙungiyar ƙasarsu ta ɗauke shi, kafin ya yi gemu ya tsallaka Turai. Ko an kayar da shi, nan take yake miƙewa. Na sa wa raina ni ma haka zan zama.

Cikin damina muka je wasa Sabuwa, aka taɗe ni, gwiwar dama ta murɗe. Washegari ta kumbura suntum. Sai ga labari cewa wani koci daga Katsina zai zo Ƙanƙara ya zaɓi 'yan wasa. Baba ya duba gwiwar, ya ce in haƙura in kwanta, rabon mutum ba ya wuce shi. Inna ma ta roƙe ni. Na ce musu ai na ji sauƙi, a zuciyata ina cewa gwanina ba ya kwanciya don ciwo. Ban tuna cewa shi likitoci ke biye da shi ba. Ranar zaɓen 'yan wasan na hau babur zuwa Ƙanƙara, na biya wani kemis na ce a yi mini allurar kashe zafi. Mai kemis ɗin ya ce ɓoye ciwon kawai za ta yi, amma na nace har ya yi mini.

Kafin hutun rabin lokaci na yi wasan da ban taɓa yi ba, har kocin ya tambayi sunana. Da aka dawo, na juya da sauri zan tare ƙwallo, sai na ji ƙas a cikin gwiwar. Ban ji zafi ba, ƙafar ce kawai ta ƙi ɗaukata. A asibiti likita ya ce jijiya ta tsinke, kuma da na huta tun farko da ba a kai ga haka ba. Baba bai taɓa yi mini gori ba. Shi kaɗai ya girbe dawarmu a shekarar, ina kallonsa daga zaure. Da rani kocin ya sake zuwa, ya tafi da abokaina biyu, ni ina dogara sanda.

Yau ina tafiya, alhamdulillahi, amma gudu ya ƙare mini, sallah ma a kan kujera nake yi. Na gane cewa gaggawa ce ta cuce ni, ba ƙwallo ba. Ƙannena masu buga ƙwallo, idan jiki ya ce ku tsaya, ku tsaya, kuma ku ji maganar iyaye. Koci yana tafiya ya dawo, amma gwiwa in ta tafi, ta tafi ke nan.