Ƙanzo a Bakin Teku

Akwai wani cin abincin rana da na yi a ƙasar Maroko wanda ba zai taɓa fita raina ba har in koma ga Allah. An ce gidan abincin nan babu kamarsa a birnin, amma in kun tambaye ni sunan abin da muka ci, wallahi ban riƙe ko ɗaya ba.

Maigidana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a nan Gure har ya ajiye aiki, kowa Mushe yake kiransa, yadda ake ce wa malaman boko da Faransanci, ni kuwa Malam. Ciwon zuciya ya kama shi, aka yi ta kai da kawo zuwa asibitin Damagaram, daga ƙarshe autanmu da ke aiki a Maroko ya ce mu zo can. Da muka je, likitan can ya duba shi ya ce aiki za a yi, amma ba zai taɓa shi ba sai ya yi ƙarfi. Malam kuwa ya daina cin abinci. In na kai masa kwano, yadda na rufe haka nake ɗaukowa. Mutumin da burabusko ba ya kwana a gabansa, ya koma sai ruwan shayi. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Sai autan ya ɓullo da dabara. Ya kama mana wuri a wannan shahararren gidan abinci na bakin teku, wai ko canjin wuri zai buɗe wa babansa ciki. Ya kai mu har tebur, sannan ya ce, "Inna, ni zan koma wurin aiki, ku ci ku biyu." Kafin in buɗe baki ja'irin ya fice.

To, ga inda matsalar take. Tun da aka kai ni gidan Malam ina yarinya, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Haka muka taso muka ga iyayenmu. A kai wa maigida nasa a ɗakinsa ko zaure, mace ta ci da yara a tsakar gida. Ko gyaɗa nake tauna, in na ji sallamarsa sai in haɗiye. Yau ga ni an zaunar da ni ido da ido da shi, ga cokula da wuƙaƙe an jera kamar za a yi wa mutum kaciya.

Wani saurayi mai farar riga ya kawo faranti mai faɗin faifai, a tsakiya ɗan abu bai kai ƙwayar dabino ba. Ya tsaya ya yi dogon bayani da Faransanci, har da sa hannu a ƙirji. Na ce, "Malam, me ya ce?" Ya ce, "Tarihin kifin ya ba mu." Na ce, "To kifin fa, yana ina?" Sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Rabona da ganin murmushinsa tun muna Gure.

Amma bai ci ba, ni ma ban ci ba. Aka kwashe, aka kawo wani. Shi ma muka zuba masa ido.

Na ce, "Don Allah Malam ka daure, ko loma ɗaya."

Ya ce, "Ke fa?"

"Ni na ƙoshi."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Hajiya, tun kina amarya nake cin abincin hannunki. Kin san ba na son yaji da yawa, kin san tsokar da nake so. Ni kuwa jiya ina kwance ina tunani, in Allah ya ɗauki raina a aikin nan, zan tafi ban san abin da matata take so ta ci ba. Ban taɓa ganin kina ci ba."

Kunya da tausayi suka rufe ni lokaci ɗaya. Na ja mayafi na kare fuska, hawaye na zuba. Da ƙyar na ce, "Ƙanzo."

"Ƙanzo?"

"Na gindin tukunyar tuwo. Shi nake so."

Ya yi dariya har da tari. A kan farantin kowannenmu akwai wani ɗan abu siriri mai ƙaras-ƙaras da aka soka a saman naman. Ya cire nasa da yatsa ya miƙo mini, ya ce, "Ga nasu ƙanzon. In kin ci, zan ci." Na karɓa. Na yi bismilla na sa a baki, yana kallona. Ai kuwa ɗanɗanonsa bai da nisa da na gida.

Sai ya juye nasa abincin cikin farantina, ya ture cokulan gefe, muka sa hannu. Na zaci saurayin nan zai ɓata rai. Amma da ya dawo ya gani, duk abin da ya biyo baya a faranti ɗaya ya riƙa kawo mana, ya kuma ajiye mana ruwan wanke hannu. Allah ya yi wa yaron nan albarka duk inda yake. Malam ya ci, ni ma na ci, har muka yi gardama a kan lomar ƙarshe.

Daga ranar cikinsa ya buɗe. Aka yi aikin lafiya, muka dawo Gure, kuma bai sake yarda an kai masa kwano zaure ba. Maƙwabta suka yi ta tsokanata wai na dawo daga Maroko da amarci. Shi kuwa ko a jikinsa. Da an sauke tuwo sai ya ce wa jikokinmu, "Kar wanda ya taɓa gindin tukunyar nan, na kakarku ne."

Allah ya ƙara mana ƴan shekaru a haka kafin ya karɓi abinsa. Har yau in na kankare ƙanzo sai na yi masa addu'a kafin in kai baki.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kunya abu ne mai kyau, ban kuma raina tarbiyyar iyayenmu ba. Amma kar mutum ya bari ta ɓoye shi ga wanda yake ƙaunarsa. Ni sai da na ƙetare sahara, aka kusa raba ni da mijina, sannan na bari ya san ni. Ku da naku ke kusa, ku zauna ku ci tare tun yau.