Buhu Huɗu na Littattafan Farfesa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaura ɗankwali da safen nan aka kira ni: Farfesa Ɗanlami ya rasu a ƙauyensu, can gefen Kunci. Yau ma sadakar uku. Sai yau wani ya tuna ya gaya mini.

Shi ya koya mini injiniyanci. Fanninsa jirgin sama ne, yadda iska ke bin fiffike har ta ɗaga ƙarfe. Ni kaɗai ce mace a ajinmu, ga goyo. Ranar da 'yata ta tsala ihu a ɗakin gwaji na miƙe zan fita, ya ce, "Ina za ki? Miƙo ta nan, ke ki karanta ma'auni." A kafaɗarsa ta yi barci har ya gama darasi.

Sai shekarun nan suka zo. Yajin aiki, ba wuta, injin gwajin iskar da ya haɗa da hannunsa ya zama gidan ɓeraye. Abokansa suka watse ƙasashen waje. Shi ya koma gida, ya ce ilimin da ke ɗaga jirgi ba zai kasa jawo ruwa daga rijiya ba. Ya yi ta yanka kwano yana gwada fanka a gonar gado, yana rubuta komai.

Ganinmu na ƙarshe bayan an yanke gero ne. Na same shi a masussuka yana kallon mata suna shiƙa.

"Rabi, dubi yadda Inna Talatu ke karkata ƙwarya. Ta fi rabin ajinku sanin iska."

Tsohuwar ko kallonsa ba ta yi ba. "Ɗan boko, matsa, ƙaiƙayi na zuwa."

Da zan tafi ya nuna mini littattafan bincikensa, tun na ƙuruciya. Ya ce, "Ki zo ki kwashe su." Na ce sai ɗalibaina sun gama jarrabawa.

To ga abin da ya hana ni zama yau.

Farfesa ba ya fara shafi sai ya rubuta Bismillah da Larabci a sama, ko da lissafi ne zalla. Ɗazu na kira ƙaninsa, Malam Sale, na yi gaisuwa, na tambayi littattafan. Ya ce, "Mun zuba su a buhu huɗu, Hajiya. Kowane shafi da sunan Allah. In muka bari, gobe a naɗe ƙosai da su a yar a kwata. Mun yi shawara a ƙona su cikin mutunci, a binne tokar. Bayan la'asar in Allah Ya yarda."

Na ce ya jira ni. Layin ya katse, ban san ko ya ji ba. Tun ɗazu kiran ba ya shiga.

Ba na jin haushin Malam Sale. Shi sunan Allah ya gani yake son karewa. Haushina na kan waɗanda anjima za su liƙa hotonsa su rubuta an yi babban rashi. Sau biyu Farfesa ya rubuta wa sashenmu na jami'a yana roƙon kabad ɗaya na ajiya. Kabad ɗaya. Suka ce za a kafa kwamiti.

Ni ma ina cikin masu laifin. Jarrabawar an daɗe da gama ta.

Yanzu ina cikin mota, mun wuce Bacirawa, direba sai tsayawa yake neman mai. Don Allah duk mai ɗan'uwa a wajen Kunci ya kira shi. Gidan ba ya ɓata, shi ne mai fankar kwano a kan rijiya. A ce wa Malam Sale Rabi na hanya, zan ajiye littattafan inda ba za a taka ba.

Allah Ya jiƙan Farfesa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa iliminsa ya bi shi da lada. Ku sa shi a addu'a.

Ni kuma ku roƙa mini in riga la'asar isa.