Kanwa a cikin pisin

Jama'a, yau Kawu ya gama da ni!

Kun san pisin ɗin, wato tafkin iyo, da na gina wa yara a bayan gidana nan Tasawa. Satin nan kaf a kanshi na ƙare: kwashe ganye, zuba maganin jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, aune-aune, har ruwan ya yi garau. Gobe ƴaƴan ƙanwata za su zo hutu, na yi musu alkawarin iyo.

Na dawo aiki da la'asar, na leƙa. Ruwa ya yi fari fat kamar kunu! Ga raguna suna ta sha, ga kashinsu yana yawo a sama!

Ashe Kawu Buba ne, ƙanin innata, ya kawo su kasuwa daga garin Isawan, ya sauka gidana.

Na ce, "Kawu, me ya samu ruwan nan?"

Ya ce, "Kai dai bari! Warin magani yake, bisashen suka ƙi sha. Sai na juye mishi kanwa rabin buhu, yadda muke yi a kwamin shayar da bisashe bakin rijiya."

Na ce, "Kawu, na wanka ne fa!"

Ya ce, "Duk wannan ruwan? To ku yi wankanku can gefe, gobe shanun ke isowa."