Hoton da Aka Ba Ni Gyara

Ni 'yar fari ce, a gidan da jinin Fulani ya ratsa, kuma wanda ya san irin gidajen nan ya san sauran bayanin. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko da wasa, ko da kuskure, ko cikin faɗa. In maganata ta kama sai ta ce "waccan", ko "ɗiyar Goggo", don Goggo, yayar mahaifinmu, ita ta ɗauke ni tun daga yaye, ga ɗakinta ga na Inna a cikin gida ɗaya a Birnin Tsaba. Da na yi aure a Kaura Namoda na kama aikin koyarwa, sai aka yi mini ƙarin girma, na koma "mutanen Kaura". Ni kaɗai tal, amma mutane.

Kunya ce, na sani. An yi mini bayanin har kunnena ya gaji. Wai so ne ya yi yawa, shi ya sa ake ɓoye shi. To madalla, ni dai an ɓoye nawa har na rasa inda aka ajiye shi. In na shiga ɗaki ta fita. In na durƙusa na gaishe ta, bango take amsa wa. Alhali Auta, ƙanwarmu ta ƙarshe, da girmanta da komai take baje kai a cinyar Inna ana yi mata tsifa, ni kuwa ina gefe ina murmushin yaƙe. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma abin yana ci mini rai. So nake in sani, sani na ganin ido ba na "an ce" ba, ko matar nan ta damu da ni.

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu, a ita aka yi bikin Auta. Lokacin kan kowa hayaƙi yake yi, duk wanda ya iya sa hannu a takarda gani yake gobe zai wayi gari darakta a Gusau. Ni ma abin ya taɓa ni, na ce bikin ƙanwata ba za a yi shi ba hoto ba. Na ɗauko mai hoto daga Kaura, wani siriri mai babur da kyamara a wuya, bakinsa ba ya hutawa. "A daina motsi! A rufe baki! A ɗaga haɓa!" Hoton wancan zamani ba wasa ba ne. Ba a dariya, ba a kallon gefe, kowa ya sandare kamar an jera mu gaban alƙali.

Da aka zo kaina, na sha leshi, na kafa goggoro, na hau wani takalmi mai tsini da na sayo musamman. Takalmi mai tsini a tsakar gidan ƙauye, ku ji fa! Mutumin nan ya kanne ido ɗaya yana ta cewa, "Malama, ja baya kaɗan. Ƙara kaɗan. Ƙara." Ni kuwa ina ta ja kamar tunkiya, har dunduniyata ta ci karo da turken akuya. Na tafi luu ta baya, wutar kyamara ta walƙa, sai ga ni a ƙasa tim. Mata suka kwashe da dariya har da masu guɗa. Na tashi na kakkaɓe jikina, na wanke mai hoton tas da faɗa, sannan na tsaya ya sake ɗaukar wani, na mutunci.

Yadda suke aikinsu a lokacin, sai fim ya cika su kai Gusau a wanke, sannan su dawo su baje hotunan a tabarma kowa ya tsinci nasa. Waɗanda suka lalace kuwa gefe ake tara su, a ba da su gyara kamar yadda mai gyaɗa ke yi. Tun da ni na ɗauko shi, gidana ya kawo. Na gama zaɓe yana tattara kayansa, sai ya miƙo mini wani yana ƙunshe dariya.

"Malama, ga naki na faɗuwa. Gyara ne, kya ba yara."

Na fizge da niyyar in yaga a gabansa. Kai, hoton nan ya yi muni! A karkace yake, haske ya cinye kusurwa guda ta koma ja, ga ɗan yatsan mai hoton ya leƙo ta sama. Ga ni nan baki wangale, ƙafa ɗaya a sama, goggoro ya bar kaina ya kama gabansa. Har na kama gefensa da hannu biyu, sai idona ya sauka can baya, wajen ƙofar madafa.

Inna ce. Ta saki ludayin da ke hannunta, ga shi nan a iska bai kai ƙasa ba. Ta yunƙuro gaba, hannunta na dama a miƙe sosai kamar za ta taro ni daga can, bakinta a buɗe, idanunta duka biyu a kaina. A kaina, ba a bango ba. Ban taɓa ganin wannan fuskar ba tun da nake. Tsoro ne tsagwaronsa, irin na uwar da ɗanta mai rarrafe ya doshi murhu.

Ban san lokacin da na zauna ba. Mai hoto ya ce, "Lafiya, Malama?" Na ce ya tafi abinsa. Ranar na yi kuka har maigidana ya zaci rasuwa aka yi. Hoton mutuncin da na biya kuɗinsa, yau ko za a yanka ni ban san inda ya shiga ba. Wannan na gyaran shi na sa wa gilashi na rataye a falo, duk baƙon da ya zo sai ya tambayi dalilin da ya sa mace da hankalinta za ta kafa hoton faɗuwarta. Nakan ce ra'ayi ne.

Bayan 'yan shekaru aka ƙaddamar da Shari'a. Wa'azi ya yawaita a kan hotuna, cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da aka rataye su. Maigidana ya bi bango ya sauke komai, har na aurenmu, na ƙyale shi. Da ya kai hannu kan wannan na ce, "Malam, a nan za mu ɓata." Muka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka shirya a kan in mayar da shi ɗakina, in riƙa kife shi lokacin salla. Na jingine shi a jikin madubi, muka zauna lafiya.

A cikin wannan shekarar yanar ido ta rufe wa Inna gani, aka ce sai an yi mata aiki a Kaura. Wai da farko cewa ta yi ita gidan wata jikar ƙanwar kakarta za ta sauka, matar da ko gaisawa ba sa yi, don dai kada ta kwana gidan 'yar fari. Sai da Goggo ta buɗe mata wuta sannan ta yarda, Auta ta rako ta. Na ba su ɗakina. Hoton kuwa da gangan na bar shi inda yake, har da goge masa ƙura. Na ce a raina, ranar da idon nan ya buɗe, za mu gani.

Aka yi aiki lafiya, aka cire bandeji. Washegari da hantsi na shigo da kunu, na tarar da ita tsaye gaban madubi, ta kai hoton dab da hancinta. Da ta ji motsina sai ta juya wajen Auta.

"Auta, tambayi mutanen gidan ga, wanga kuma hoton mi na?"

Na ajiye kwanon. Na ce, "Inna, ranar bikin Auta ne, da na faɗi. Ga ki nan a baya. Me kike cewa a nan, da kika buɗe baki?"

Ta ƙara kallonsa. Sannan ta gaya wa Auta, ba ni ba.

"Kaza nika kora."

"Inna, ai babu kaza a hoton."

"Ta gudu."

Wallahi sai da na fita waje na sha iska. Auta kuwa tana ciki tana dariya har da buga ƙafa, 'yar banza.

Da suka koma gida, na shiga gyara ɗaki na ga an kife hoton. Na ɗago shi, sai gilashi da kwali. Babu komai a ciki. Na zazzage gado, na ɗaga katifa, na leƙa bayan madubi, alhali na san inda ya tafi. Na zari mayafi na nufi shagon mai hoto in sa ya sake wanko mini wani. Na tarar ya sauke allonsa, kaset na wa'azi yake sayarwa, ya ajiye gemu. Na tambaye shi fim ɗin bikinmu. Ya ce ai da ya bar sana'ar buhu guda ya juye wa yaran unguwa, sun yi tabarau da su. Tabarau! Na tsaya ina kallonsa, ya ce in yi haƙuri, ko zan sayi kaset a kan haƙuri ɗin. Allah ne ya taimake shi akwai mutane a wurin.

Asabar na zagayowa na tafi tasha. Lokacin an raba wa mata kujerunsu a mota, sai layinmu ya cika ake tashi, ranar kuwa kamar matan Kaura sun haɗa baki ba mai zuwa wajen Zurmi, inda garinmu yake. Na zauna ina ƙuna har rana ta take. Kafin in kai Birnin Tsaba na gama shirya maganata tsaf, ta ladabi, mai daɗin ji. Ina shiga gida na gan ta zaune tana dama fura hankali kwance, duk maganar ta zube.

Na gaishe ta, ta amsa wa ƙwarya. Na ce na zo karɓar hotona. Ta ce da Goggo, wadda ke zaune a bakin ƙofarta, "Malamai sun ce hoto na hana mala'iku shiga gida. Taimakonsu ni yi."

Inna da ko rediyo ba ta saurare, yau ita ce da fatawa! Na ce a raina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ban taɓa yi ba shi na yi, na dube ta ido cikin ido.

"Inna, ba don mala'iku kika ɗauke shi ba, don an gan ki ne. Tun da kika haife ni ba ki taɓa kiran sunana ba, ban ce komai ba. Ba ki taɓa dubana ba, na haƙura. Abu ɗaya na samu da ya nuna mini ni ma ina da uwa, shi ma ba ke kika ba ni ba, mai hoto ne ya ba ni gyara. Shi ma ɗin sai kin karɓe?"

Goggo ta riƙe haɓa tana salati, ta ce boko ya gama da ni, wace irin ɗiya ce ke tsare uwarta da ido haka. Inna kuwa ta ajiye ludayi a hankali, ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce maraƙi bai sha ruwa ba, ta zagaya bayan gida. Na jira har la'asar ba ta dawo ba. Maraƙin nan ranar ya sha ruwan shekara.

Na fito ko sallama ban yi ba. Ina zaune a mota ina haɗiye hawaye don kada matan da ke kusa su gani, sai ga Auta da sauri, goyo a baya, ta miƙo mini ƙunshi ta taga. Daddawa ce da man shanu, irin tsarabar da kullum ake cewa "in ji Goggo". A ƙarƙashinsu akwai wani ƙyalle a ninke. Na warware.

Rabin hoton ne. An raba shi da reza, yankan ma a karkace. Ɓangaren Inna aka ba ni, ga ta nan da hannunta a miƙe, sai dai yanzu ba kowa a gabanta, bakin takarda take ƙoƙarin tarowa.

Na ce, "Ina ɗaya rabin? Ta ƙone ni ke nan?"

Auta ta waiga hagu da dama, ta matso da bakinta jikin taga.

"Wane irin ƙonewa, Yaya? Yana cikin jakar carbinta. Tun da muka dawo, in ta idar da salla sai ta ciro shi ta tofa mishi addu'a. Shekaranjiya ma na ji tana yi mishi hwaɗa, wai, ke ma dai da rawar kai, da kin karye fa?"

"Ke ta ce?"

"Ke ta ce."

Duk hotunan da na ɗauka a duniya, na makaranta, na aure, na suna, ba wanda ya yi wa matar nan sai wanda nake baki buɗe ƙafa a sama. Direba ya tayar da mota. Na riƙo hannun Auta ta taga, na ce, "Ta kira sunan?"

Ta zare hannunta tana dariya, idonta ya ciko.

"Haba Yaya. Inna ce fa."

Motar ta ja. Matar da ke kusa da ni ta leƙo abin da ke hannuna, ta ce wa ya lalata mini hoto haka. Na ce uwata ce, na bar hawayen suka zubo.