Inna Ta Jira Hannuna

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take ce mini. Ko da na zama likita, ciwonta ba ya isowa kunnena sai ta bakin Gwaggo, ƙanwar babanmu da ke aure a Tambuwal. Ita ta kira ni ta ce an yi wa Inna hoto, an ga tsakuwa a madaciyarta, sai an tsaga ciki.

Lokacin ina birni ina koyon tiyatar da ba a tsagawa: a huda wuri huɗu ƙanana, a zura kyamara da siraran ƙarafa, a yi aiki ana kallon allo. Kafin a bar mu mu taɓa mutum sai mun ƙware a kan na'ura. Ka sa wani ƙaton tabarau ya rufe maka ido, ka kama mariƙi biyu, sai ga ka a cikin wani ciki da ba na kowa ba, hanta da hanji har suna motsi. In ka yanke jijiya jini ya malale, ka danna maɓalli komai ya koma sabo. Na kashe wannan bawan Allah ya fi a ƙirga, bai taɓa yin fushi ba.

Na hau mashin zuwa garinmu Kebbe don in lallashi Inna ta yarda a yi mata aiki, sai bakina ya ja ni. A tsakar gida na ciro waya ina nuna wa Gwaggo, da ta zo duba Inna, bidiyona da tabarau, ina ɗaga murya don mai tsintar wake a gefe ta ji. Burga ce kawai.

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce wa Gwaggo, "Ramu fuɗu ɗai? To, jira nika yi har wancan shi iya."

Na san likita ba ya yi wa uwarsa tiyata. Na san wannan ciwon ba ya jira. Amma ban taɓa jin ta yabe ni ba sai ranar, daɗi ya rufe ni. Na ce, "Wata ukku, in sha Allahu."

Wata uku ya zama bakwai. Ɗinki ya gagare ni, na'urar ta ƙi ba ni makin wucewa, ni kuma na saba da sake farawa. Duk na kira, Gwaggo ta ce da sauƙi. Na san ma'anar "da sauƙi" a gidanmu, na karɓa don ya yi mini daidai.

Da damina madaciyar ta kumbura ta ruɓe. Ruwa ya cinye hanya, da ƙyar aka fito da ita zuwa Tambuwal. Tsagawar da ta ƙi ita aka yi mata a gaggauce, kwana biyu ta cika. Na iso ana dawowa daga maƙabarta.

Bayan sadakar uku Gwaggo ta ce mini, "Tun ciwon na sabo nic ce mu kira ka. Tac ce a ƙyale shi, koyo shika yi, kar a gaggauta shi hannunai shi yi rawa."

Yau ina yin aikin, hannuna ba ya rawa. Ban sake ce wa kowa ya jira ni ba.